Dalma a Rafin Marke

Ungwar Marke, ta hanyar Doguwa,
9 ga Janairu, 1993.

Zuwa ga ɗana Bature,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fatan kana lafiya, kai da karatu da zaman Ibadan. Mu nan da sauƙi, sai ƙafata ta hagu da ba ta son sanyi.

Na san sai ka yi tunani kafin ka gane mai rubutu. Ni ce Asibi, matar marigayi Mai Bishara Audu. Mahaifiyata da kakanka ciki ɗaya suka fito. Rabona da kai tun jana'izar mahaifinka a Ƙafin Maiyaki, ni ce na tsare ka da kunu ranar da ka ƙi cin komai. A wurin mahaifiyarka na karɓi adireshinka. Ta ce aikinka gwada ruwa da ƙasa. Ta kuma ce ka daina zuwa sujada, amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Akwai tsofaffin ramukan kuza a bayan dutsenmu, an bar su tun ina amarya. Bara Dattijo Ɗanasabe, ɗan garin nan da ya yi arziki a birni, ya kawo inji yana niƙa tarin ƙasar da masu haƙa suka bari. Ana wankewa, ruwan wankin yana gangarowa Rafin Marke, kuma shi muke sha da rani. Mata da samari sun samu aiki a wurinsa, ba zan ɓoye maka ba, har ni na yi murna. Da addu'a yake buɗe aiki kullum.

To tun bayan kaka yara suke ciwon ciki. Ba gudawa ba ce, murɗa ce, yaro ya dunƙule yana ihu. Jikata Salamatu, wadda uwarta ta rasu ta bar mini, ta daina cin abinci. A gangare da mu akwai rugar Jibrin, matarsa Saude ce ke kawo mana nono. Maruƙansu makancewa suke yi, su yi ta juyi a wuri ɗaya har su faɗi. Mun yi azumi, mun yi addu'a. Wasu sun fara cewa maita ce. Ni dai idona yana kan ruwan nan, ko da yake garau yake, kana hango tsakuwa a ƙasansa.

Me za ka ce?

Gwaggonka,
Asibi.

*

Ibadan,
2 ga Fabrairu, 1993.

Gwaggo Asibi,

Bayan gaisuwa da ladabi. Na tuna ki, na tuna kunun ma, da tsami. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa. Ni lafiya lau, sai gajiya. Rabin lokacinmu a ɗakin gwaji jiran wuta muke yi.

Ba zan ce komai ba sai na gwada, amma abin da kika faɗa kan maruƙan nan bai yi mini daɗi ba. Ki samu kwalabe, ki wanke su sosai, ki ɗebo ruwa daga bakin wurin wankin, da inda kuke ɗiba, da gindin rugar. Ki haɗa da taɓon ƙasan rafin. Ki liƙa takarda a jikin kowace. Direbobin tumatir daga Tudun Wada suna saukowa nan, ki ba wanda kika yarda da shi. Kafin in ba ki amsa, ku bar shan ruwan, ku da mutanen rugar.

Maganar sujada kuwa, tunda kin taɓo ta. Ban yi faɗa da Allah ba, Gwaggo. Maciji ya sari Baba, aka kai shi asibiti babu allurar dafi, ya cika a kan benci. Ranar jana'iza kowa ya tashi sai ya ce nufin Allah ne. Babu wanda ya tambayi inda allurar ta tafi. Na gaji ne da jin ana ɗora wa Allah abin da mutum ya yi da hannunsa.

A duba mini Salamatu.

Ɗanki,
Bature.

*

Ungwar Marke,
6 ga Maris, 1993.

Ɗana Bature,

Gaisuwa mai yawa. Takardarka ta iso. Salamatu ta ɗan samu sauƙi, tana shan koko. Ga kwalabenka nan, na naɗe su a zanena don kada su fashe. Ba sai ka dawo da zanen ba, ya tsufa.

Na tara zumuntar mata na gaya musu abin da ka ce. Mun koma rijiyar bakin titi. Mace ta fita da hantsi, sai rana ta take ta dawo da tulu ɗaya, a nan za a sha, a yi tuwo, a wanke yara. Yanzu in na wuce ba kowa ke amsa gaisuwata da sakin fuska ba. Saude ta hana yaranta sha, amma shanu fa? Ta ce mini, "Inna, garke ba ya shan tulu."

Dattijo Ɗanasabe ya ji labari. Ya zo har gida da sabulu da sukari, ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba, sannan ya ce, "Mama, ashe ƙarata kika kai Ibadan?" Na ce ruwa na kai, ba kai ba. Ya yi dariya, amma ba ta kai ido ba. Shi ne ke rufa mana majami'a da kwano bana. Pasto Ishaya yaro ne, bai daɗe da zuwa ba, in ya hango ni sai ya tuna yana da sauri.

Ba zan yi maka wa'azi ba, ni ma na tsaya a bakin kabarin mahaifinka ina jin haushin wannan maganar. Amma wanda ya yi ruwan shi ya yi kanka. In ka gano abin da ke ciki, ni a wurina amsar addu'a ce. Kai ka kira shi duk sunan da ka ga dama.

Ka hanzarta, wuyanmu ya gaji.

Gwaggonka,
Asibi.

*

Ibadan,
14 ga Afrilu, 1993.

Gwaggo,

Ina gaisuwa. A gurguje nake rubutu, direban yana jira, ana kuma raɗe-raɗin za a shiga yajin aiki a rufe mana makaranta.

Saƙo ya iso lafiya. Mun duba ruwan, ba mu ga ƙwayar kwalara ko ta taifot ba, babu wata cuta a ciki da za ta kawo abin da kika faɗa. Saura na ƙarfe, injin ya lalace, ana jiran gyara. Zan sake rubutowa.

A gaishe da Salamatu.

Bature.

*

Ungwar Marke,
10 ga Mayu, 1993.

Ɗana Bature,

Gaisuwa da godiya. Allah ya yi maka albarka, ya biya ka wahalarka. Muna lafiya.

Na kai wa Pasto takardarka, ya karanta ranar Lahadi bayan wa'azi. Da ya zo wurin da ka ce babu wata cuta a ciki, mata suka ɗauki guɗa. Ni kunya ta rufe ni, amma na tashi a gaban jama'a na roƙi Dattijo Ɗanasabe gafarar zargin da na jawo masa. Ya ce ya yafe, har ya yi mini addu'a. Na fi son in ji kunya da a ce ruwan ne.

Mun koma rafi. Duk da haka na ce kowa ta riƙa tafasawa, don hankali ya kwanta. Washegari na taka da kaina har ruga na gaya wa Saude. Ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, kin tabbata?" Na ce ɗana ne ya gwada, ya yi karatu har ba a san iyakarsa ba. Ƙaramarta Hauwa tana goye a bayanta, tana jan ɗankwalina.

Ciwon cikin bai bar yara ba, Salamatu ma ya dawo mata. Tunda ba ruwa ba ne, sai mu ci gaba da roƙo. An yi ruwan fari shekaranjiya, mun fara shuka dawa.

Allah ya sa a samu ƙarfen da za a gyara muku injin.

Gwaggonka,
Asibi.

*

Ibadan,
18 ga Yuni, 1993.

Gwaggo,

KU BAR SHAN RUWAN NAN. Da kin karanta wannan layin ki ajiye takardar, ki aika ruga, sannan ki dawo ki ƙarasa.

Yau na samu wasiƙarki, ta daɗe a ofishin da aka kulle saboda yajin aiki. Ban ce ruwan yana da kyau ba. Gwaji iri biyu ne. Na farko na ƙwayoyin cuta ne, shi muka yi. Na biyu na ƙarfe ne, wato ƙarfen da ke narkewa a cikin ruwa, ido ba ya ganinsa, harshe ba ya jinsa. Shi nake tsoro tun farko, shi ne kuma ba a yi ba. Ba ƙarfen inji nake nufi ba. Na sake duba abin da na rubuta miki a zuciyata, na ga duk wanda ya karanta haka zai fahimta. Na rubuta miki kamar ina rubuta wa abokin aikina.

Tafasawa ba ta fitar da shi. Ruwan ne ke ƙonewa ya bar shi a tukunya, ya ƙara ƙarfi.

Ƙasar nan ta rikice kan zaɓe, babu mai, direbobin Arewa sun fara janyewa. Zan jefa wannan a gidan waya, in kuma nemi wanda zai hau. Ɗakin gwajinmu a rufe yake, amma zan ɗauki kwalaben in kai wani wuri a Legas ko da ƙafa ne.

Don Allah ki amsa mini.

Bature.

*

Ungwar Marke,
12 ga Satumba, 1993.

Bature,

Gaisuwa. Ina nan da rai.

Takardarka ta Yuni ta shigo hannuna ƙarshen Agusta. Na ajiye ta kamar yadda ka ce, amma babu wanda zan aika wa a ruga. Sun tashi.

Hauwa ta rasu a watan Yuli. Farfaɗiya ta kama ta da rana tsaka, wadda ba ta taɓa yi ba, ta yi ta yi har ta daina. Na je gaisuwa. Jibrin ya amsa mini da mutunci, ya ce kwananta ne ya ƙare. Saude kuwa ta fito. Ta kalle ni kawai, ta shimfiɗa mini tabarma. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Bayan sadakar bakwai suka kora abin da ya rage na shanunsu suka koma gefen daji.

Salamatu ma ta faɗi sau biyu. Mun kai ta asibitin mishan a bayan keke, suka ce zazzaɓin da ya hau kai ne, suka yi allura. Tana raye. Amma yarinyar da ke rera waƙoƙin zumunta tun daga farko har ƙarshe, yanzu in ta ce "Kaka" sai ta tsaya tana neman abin da ke biye.

Na yi fushi da kai har na kasa yi maka addu'a. Daga baya na ga fushin ba ya da wurin zama. Kai ka rubuta a gurguje, ni na karanta abin da wuyana ke so in karanta. Amma ba ni ce ke zuba abin a rafi ba, ba kuma kai ba ne. Injin yana nan yana aiki, ina jin ƙararsa yanzu haka.

Na nuna wa Pasto takardarka. Ya ce, "Mama, da fari ya ce babu, yanzu ya ce akwai. In na tsaya a bagade da wannan, gobe ya sake cewa babu fa?" Ban ga laifinsa sosai ba. Da damina muna tarar ruwan sama daga sabon kwanon majami'a, shi muke sha. Ka ga yadda abin yake. Amma damina tana ƙarewa.

Ba na son ban haƙuri. Ka aiko mini da magana ɗaya wadda ba ta da fuska biyu.

Asibi.

*

Ibadan,
20 ga Oktoba, 1993.

Gwaggo Asibi,

Ina gaishe ki, ina yi miki ta'aziyya, ke da Saude da Jibrin. Allah ya ba da haƙuri. Kin ce ba kya son ban haƙuri, ba zan yi ba.

Ga maganar. Akwai dalma a Rafin Marke. Tana fitowa ne daga ƙasar da ake niƙawa. A kwalbar bakin wurin wankin ta fi yawa, a taɓon rafin kuwa ta ninka abin da jikin mutum zai ɗauka ninkin da ban so in rubuta ba. Ita ke murɗa cikin yara, ita ke makantar da maruƙa, ita ke taɓa ƙwaƙwalwa. Ba ruwan kaɗai ba, har ƙurar da mata ke komowa da ita gida a zanensu. Wannan ba zai canza gobe ba. Na sa an maimaita gwajin a gabana. Takardar wurin tana ciki da hatiminsu, na kuma fassara ta da Hausa.

Na haɗo maganin da ke fitar da dalma daga jini, da wasiƙa zuwa ga likitan mishan. Kada a ba Salamatu a gida, sai a hannunsa. Ba zan yi miki ƙarya ba, zai hana abin ƙaruwa, amma ban san ko zai maido abin da ya tafi ba. Abin da na samu na yaro ɗaya ne. Ina neman ƙari.

Na rubuta wa ofisoshi a Kano da Legas. Ɗaya ya amsa, ya ce in bi ta hanyar da ta dace, bai faɗi hanyar ba.

Ranar da na karɓo sakamakon na wuce ta gaban wata majami'a, na shiga na zauna a baya. Da Yarabanci ake yi, ban ji komai ba. Na daɗe ina ganin cewa in na san gaskiyar abu, na gama aikina. To ga gaskiyar a aljihuna, an auna ta daidai, ba ta da bakin da za ta ce wa Dattijo Ɗanasabe ya daina. Injin gwaji zai gaya miki yawan dalmar da ta shiga jikin Hauwa. Ba zai gaya miki cewa ran Hauwa ya fi buhun kuza ba. Wannan a wurinku na koya, a kan bencin majami'a, tun ina yaro. Ban sani ba ko abin da na yi a wurin nan addu'a ce. Na dai faɗi sunanta.

In zo?

Ɗanki,
Bature.

*

Ungwar Marke,
23 ga Janairu, 1994.

Ɗana Bature,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Barka da sabuwar shekara. Ka yi haƙuri da jinkiri, ban so in rubuto ba sai abin ya tsaya a wuri ɗaya. Kada ka zo yanzu. Ka zauna inda magani yake, yaran da ke jira suna da yawa.

Salamatu ta sha nata a asibiti. Cikin ya daina. Maganar dai tana zuwa ɗaya-ɗaya, ina jiranta.

Dattawan ikilisiya sun zauna kan takardarka. Ba a saba mace ta shiga ba, na ɗauki kujerata na shiga. Dattijo Ɗanasabe ya ce Allah ne ya binne arziki a ƙasa don mutum ya ci, ya kuma lissafa gidajen da ke dafa tuwo saboda injinsa. Ba ƙarya ya yi ba. Wani ya ce bai kamata ɗan'uwa ya kai ɗan'uwa gaban hukuma ba, a sasanta a cikin gida. Na ce to, Hauwa ba 'yar gidan nan ba ce, ba ta taɓa taka ƙofar nan ba, a wane gida za a sasanta tata? Na ce an sa mutum a gona ne ya noma ta ya kuma tsare ta, mu mun riƙe na farko mun bar na biyu. Sai Pasto Ishaya, wanda ban sa rai ba, ya ce zai karanta takardar a bagade. Ya karanta, Ɗanasabe yana zaune a layin gaba.

Litinin matan zumunta ba su fita wankin kuza ba. Ba duka ba, amma da yawa. Wasu har yau ba sa yi mini magana, don tukunyarsu ta yi sanyi.

Kada ka ce mun yi nasara. Bai ce ya yi laifi ba, babu kuma wanda ya zo daga hukuma. Kafin Kirsimeti ya kwance injinsa ya ɗora a mota, ya kai shi bayan dutse, wani ƙauye da ake kira Gidan Kuka. Su ma suna da ramuka, suna da rafi. Namu rafin kuwa ka ce taɓonsa zai daɗe da dafi. Maza sun fara haƙa rijiya a kan tudu, sun ci karo da dutse, suna fasawa kaɗan-kaɗan.

Saude ta dawo kawo nono. Ranar farko ta sauke ƙwaryarta a ƙofata, ta ce, "Inna, an ce an kai abin Gidan Kuka." Na ce haka ne. Ta ce, "Akwai yara a can." Ranar kasuwar Gidan Kuka ta zo da jaki saboda ƙafata, muka tafi, ni a sama ita a ƙasa, ita da carbinta ni da takardarka.

Ba su saurare mu ba, Bature. Mai unguwa ya ba mu ruwa muka ƙi sha, ya ji haushi. Samari suka ce tsohuwa da Bafillatana sun zo hana su cin abinci. Na faɗi abin da ya sami 'yar Saude, na karanta takardar har ƙarshe a bakin kasuwa, rabin mutanen sun watse kafin in kai tsakiya. Muka juyo. Ni ban taɓa jin gajiya irin ta ranar ba, ko a ranar da na binne mijina.

Mun fara hawan dutse sai muka ji ana kira a bayanmu. Wata yarinyar mace ce, da goyo, hannuwanta fari fat da ƙurar wanki. Ta waiwaya ta ga babu mai ganinta, sannan ta dubi Saude ta ce, "Baiwar Allah, taki yarinyar, da yaya ya fara mata?"

Saude ba ta taɓa ba da labarin nan ba, ko ni ba ta ba ni ba. Ta ɗaure jakin a jikin itace, ta zauna a kan dutse, ta ce wa yarinyar ta kwanto ɗan ta gani.

Gwaggonka,
Asibi.